Kwaikwayon Zane Ba Satar Amsa Ba Ne

Ɗalibai da yawa na ganin duk wanda ya ajiye zanen wani a gabansa yana kwaikwaya, to satar amsa yake yi. Mu dai ba mu yarda ba. Tun a makarantar allo muka san wannan hanya: malam ya rubuta, almajiri ya bi sawun alƙalaminsa, a wanke, a sake, har hannu ya faɗa. Haka ɗinkin babbar riga. Gwani ne ke fitar da aska takwas a jikin yadi, yaro kuma ya daɗe yana bin layin da allura kafin ya iya zana nasa.

Turawa ma haka suka yi. Tun da aka buɗe gidan tarihi na Louvre a Faransa a 1793, masu koyo ke zama gaban ayyukan magabata suna kwaikwaya. Vincent van Gogh ya sha maimaita darussan zane na Charles Bargue kafin ya zama gwanin da duniya ta sani. A Zariya kuwa, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya don nuna rashin gamsuwa da koyarwar da ta tsaya kan salon Turai kaɗai. Ba koyi da magabata suka ƙi ba. Magabatan suka sauya, shi ya sa Okeke ya koma nazarin zanen uli na Ibo.

To, me ya haɗa wannan da Sharada da Challawa da Bompai? Ku dubi abin da ke fitowa daga can: tabarmar roba, buhu, kwalin kaya, ledar alewa, fatar da aka jeme za a yi jaka da takalmi. Kusan kowanne sai wani ya zauna ya tsara masa zane. Masaƙun Kano da dama sun durƙushe, ga matsalar wuta, ga atamfar waje mai araha da ta cika Kantin Kwari, wadda sau tari zanen wasu aka ɗauka aka buga. Wannan kam kwaikwayo ne na cin amana. Maganinsa matasan da suka san zanen gida ciki da bai, waɗanda za su iya fitar da sabo. Kuma ba a sanin dagi da kallo kawai. Sai ka zana shi sau ashirin za ka gane inda layi ya hau da inda ya nutse.

Sai dai a yi hattara. Ɗora takarda a kan fuskar waya ana bin layi ba shi muke nufi ba, domin ido bai auna komai ba.

Ga aikin wannan mako. A ɗauki fensir da littafin zane a leƙa Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa. Wanda ya yi nisa ya ari tsohuwar rigar kakansa ko hular zanna. A zaɓi zane ɗaya, a kwaikwaye shi sau uku ana kallo, na huɗu a rufe asalin a zana da ka. A ƙasan kowane shafi a rubuta inda aka samo shi da ranar da aka yi, sannan a kai wa malamin zane ya duba.