Wutar lantarki a Kebbi: Yadda farashi ke shiga mita

Tun shekarar 2020 ne hukumar kula da wutar lantarki ta Nijeriya, NERC, ta kasa masu amfani da wuta gida biyar, daga rukunin A zuwa E, gwargwadon sa'o'in da ake ba su wuta a kullum. An yi wa rukunin A alƙawarin aƙalla sa'o'i 20, rukunin E kuma sa'o'i 4.

A watan Afrilun 2024 hukumar ta ɗaga kuɗin rukunin A zuwa Naira 225 kan kowane yunit, kafin a rage shi zuwa Naira 206.80 a watan Mayu.

To sai dai a manhajar kwamfutar kamfanin raba wuta ne wannan farashi ke zama kuɗi. A jihar Kebbi, wadda kamfanin Kaduna Electric ke bai wa wuta, kowace mita tana ɗaure ne da layin da take kai da kuma rukuninsa. Idan mutum ya sayi kati, manhajar ce ke lissafa yawan yunit ɗin da kuɗinsa za su ba shi.

Ke nan idan aka sa mai injin casar shinkafa a Argungu ko Birnin Kebbi a rukunin da ba nasa ba, zai riƙa biyan kuɗin sa'o'in da bai samu ba, ba tare da ya ankara ba.

A ƙauyukan fadamar Rima, irin na ƙaramar hukumar Augie, akwai wata hanyar. Ƙa'idojin NERC na 2016 kan ƙananan tashoshin wuta sun amince kamfanin da tasharsa ba ta wuce kilowat 100 ba ya daidaita farashi da jama'ar gari, muddin masu shan kashi 60 cikin ɗari na wutar sun yarda.

Amma ko an sa hannu a gaban hakimi, kamfani ne kaɗai ke shigar da farashin a manhaja, shi ne kuma ke iya sauya shi.

Saboda haka abin da zai kare talaka shi ne rubutacciyar yarjejeniya, da rasitin da ke nuna rukuni da kuɗin yunit, domin ya riƙa gwada su. Wanda ba shi da mita kuwa, lissafin ƙiyasi ake kawo masa.