Ɗan Boko da Baƙin Mai: A Kwance Injin, A Sake Ɗaure Shi

'Yan'uwana ɗalibai da ƙananan ma'aikata, akwai wata al'ada da ta kama mu wadda ya kamata a dube ta. Da zarar injin tsohuwar Land Rover ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai, sai maigida ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo injin gwanjo. Alhali kuwa bai san cikinsa ba, bai san tafiyar da ya sha a Turai ba. Ciniki ne na biri a sama.

Ni a ganina, gara mutum ya sauke nasa ya kwance shi a tsakar gida. Injin fetur mai lita 2.25 da aka fara sa wa wannan mota a 1958, wanda ya ci gaba a samfuri na uku daga 1971 zuwa 1985, an yi shi ne domin manomi da soja, waɗanda ke nesa da gareji. Silinda huɗu ne, baƙin ƙarfe ne tun daga gindi har kai, babu kwamfuta ko ɗaya a jikinsa.

Sai dai aikin ba na gaggawa ba ne. Kowane fistan a yi masa lamba, domin ya koma ramin da ya fito. Notocin kan silinda ana ɗaure su ne daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai auna ƙarfi. Wanda ya ɗaure da ka, gasket zai ƙone masa kafin damina ta fita. Ratar bawul kuwa milimita 0.25 ce, ba "kamar haka" ba. A nan ne ilminmu na makaranta ke da rana, gama yawancin ɓarnar da ake yi wa inji daga ƙin awo take. Wasa karanshaf da faɗaɗa ramin silinda kam, a kai wa masu injin yanka ƙarfe. Wannan ya fi ƙarfin tsakar gida.

Na san za a ce ana tauye abincin bakanike. Ko kusa! Wanda ya taɓa ɗaure inji da hannunsa shi ne ke sanin darajar ƙwararren bakanike, kuma shi ne ba ya yi masa tayin wulaƙanci. Abin da ke hana mu, in za a faɗi gaskiya, kunyar a gan mu da baƙin mai a farce ne, mu da muke zana hoton fistan a takardar jarrabawa ba mu taɓa riƙe shi ba.