Ruwan rijiya a Kamazou: me ya sa ake buƙatar gwaji kafin damina ta yi nisa?

A Kamazou, cikin ƙaramar hukumar Chikun a kudancin Kaduna, gidaje da yawa sun dogara da rijiya ko burtsatse saboda ruwan famfo bai wadata ba. Unguwar na ƙara cika, filaye na ƙanƙancewa, har ta kai rijiya da sokawe kan zauna a gida ɗaya. Masana sun ba da shawarar a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakaninsu, abin da ƙaramin fili ba ya iya ɗauka. Idan ruwan sama ya sauka, ƙazantar masai kan tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa zuwa rijiya, kuma ruwan na iya fitowa garau, babu wari.

A shekarar 2021, hukumar NCDC ta ƙirga mutum fiye da 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu. Ƙa'idar ruwan sha ta ƙasa da ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce bai kamata a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya a mililita 100 ba. Ganinta shaida ce cewa bayan gida ya shiga ruwan.

Sai dai sakamakon gwaji ya dogara ne da yadda aka ɗebo ruwan. Kwalbar da ɗakin gwaji ya tsabtace ake amfani da ita, ba robar lemo ba, kuma ba a ɗauraye ta ko taɓa cikin murfinta. A rijiya, ana zura ta da igiya mai tsabta ba tare da ta goga bango ba. A burtsatse, ana barin ruwan ya zuba na 'yan mintoci tukuna. Sai a sa ta cikin ƙanƙara, a kai cikin awa 6, kada ya wuce awa 24. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando na cikin wuraren da za a iya tuntuɓa.

A gidajen haya, inda iyalai da dama ke jan guga ɗaya, akan rasa wanda zai ɗauki nauyin gwajin: mai gida ko 'yan haya. Kafin a daidaita wannan, tafasa ruwan sha ko sa masa sinadarin kulorin shi ne kariyar da ta rage wa yaran gidan.