SARƘA MAI HAƘORA: BA DA CIWO AKE HORON KARE BA

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye maganar taki da iri, mu yi magana a kan wata dabba wadda take kusan kowane gida a ƙauyukanmu, amma ba safai ake tunawa da ita ba sai ranar farauta ko daren da ɓarawo ya shigo. Watau kare.

Ga abin da ya jawo maganar. A kakar da ta wuce mun je wani ƙauye domin duba akurkin kaji na ƙungiyar matasan ikkilisiya. Ɓarayi sun dame su, saboda haka suka haɗa kuɗi suka sayo babban kare irin na Turai daga birni. Mai sayarwa ya haɗa musu da wata sarƙar wuya ta ƙarfe, ya ce da ita ake horon manyan karnuka. Mun tarar da karen a ɗaure a gindin mangwaro, sarƙar tana wuyansa dare da rana har sati uku. Da muka ɗaga gashin wuyan, sai ga ramuka a jere kamar an soka da ƙusa. Ƙuda ya riga ya bi su, biyu daga ciki sun yi tsutsa. Yaron da yake ba shi abinci ya ce da farko karen yakan kaɗa masa wutsiya, amma yanzu ba ya yarda kowa ya kai hannu kusa da kansa. Matasan nan ba mugaye ba ne. An sayar musu da kaya ne ba a gaya musu gaskiyarsa ba.

Mece ce wannan sarƙa?

Ƙananan ƙarafa ne ake sarƙafa su cikin juna. Kowane ɗaya yana da haƙora biyu masu duban ciki, wajen fatar wuya. Sa'ad da kare ya ja, ko mai shi ya fizgi igiya, sarƙar takan tsuke, haƙoran su matsi fatar ko'ina a lokaci ɗaya. Da aka saki igiya sai ta sassauta. A ƙasashen Turai da Amurka aka saba da ita, inda mutane sukan fita yawo da kare a igiya cikin gari, suna so ya bi su a hankali ba tare da ja ba.

Ya kamata mu faɗi abin da masu goyon bayanta suke cewa, gama ba daidai ba ne a yanke wa mutum shari'a ba a ji bakinsa ba. Sun ce ta ainihi bakin haƙoranta a dakushe yake, ba ta huda fata. Sun ce tana da iyakar da ba ta wucewa wajen tsukewa, don haka ta fi sarƙar zarge wadda take shaƙe maƙogwaro. Sun ce tsoho ko mace marar ƙarfi za su iya riƙe ƙaton kare da ita. Amma su da kansu sun kafa sharuɗɗa: a sa ta can sama bayan kunnuwa, ta zauna daidai wuya, a fizga kaɗan a saki nan da nan, a cire ta da zarar an gama horo, kada a sa wa ɗan kwikwiyo, kuma kada a taɓa ɗaure kare da ita.

To, mu dubi sharuɗɗan nan mu dubi ƙauyukanmu. Wa yake fita yawo da kare a igiya a cikinmu? Karenmu ko dai yana sake, ko kuwa yana ɗaure. Ashe aikin da za mu sa sarƙar, shi ne ainihin abin da masu yabonta suka hana. Bayan haka, da yawa cikin waɗanda ake sayarwa da araha ba a goge bakin haƙoransu ba, suna da kaifi kamar wayar da aka datse. Ƙasarmu kuma ƙasar zafi ce da ƙuda. Ƙaramin rauni a ƙarƙashin gashi yakan zama gyambo cikin 'yan kwanaki.

Ko an bi sharuɗɗan ma, ba mu yarda da ita ba

Dalilinmu shi ne, da ciwo take aiki. In ba ta yi wa kare zafi ba, ba zai fasa ja ba. Wuya kuwa ba wurin wasa ba ne. Nan maƙogwaro yake, da manyan jijiyoyin jini masu zuwa kai, da ƙashin wuya. Amma ɓarnar da ta fi girma ba a fata take ba, a halin karen take. Kare ba ya tunani irin namu. In ya ga yaro ya zabura don ya yi wasa da shi, sai ya ji zafi a wuya, yana iya ɗauka cewa yaron ne ya jawo masa zafin. Yau haka, gobe haka, sai ya soma ƙin yara. Haka kuma in ana fizgarsa duk lokacin da ya yi gurnani, zai iya daina gurnanin, amma fushin yana nan. Gurnani kuwa shi ne gargaɗin da kare yake bayarwa kafin ya yi cizo. Karen da aka hana shi gargaɗi ya fi kowane haɗari a gidan da yake da yara.

Ba mu kaɗai muke faɗin haka ba. A shekarar 2020 masu bincike a birnin Porto na ƙasar Fotugal suka fito da sakamakon gwajin da suka yi wa karnuka 92. Sun ga waɗanda ake horo da tsawa da fizgar igiya sun fi nuna alamun tsoro da damuwa, har a cikin yawunsu an ga alamar, fiye da waɗanda ake horo da lada. A 2021 wata ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka, masu nazarin halin dabbobi, ta ba da shawara a bar irin wannan sarƙa a riƙa horo da lada. Ƙasar Ostiriya ta hana ta tun 2005. Jihar Queensland ta Ostareliya ta hana ta a 2022. Jamus ma, inda kamfanin Herm Sprenger da ya yi suna wajen ƙera ta yake, ta hana horon kare da ita daga ranar 1 ga Janairu 2022. Gaskiya ne har yanzu ana sayar da ita a Amurka da wasu ƙasashe da yawa. Amma in masu abu sun soma ja da baya da abinsu, bai kamata mu mu karɓe shi hannu bibbiyu ba.

Wani dattijo ya ce mana, "Malam, ai doki ma da linzami ake juya shi." Gaskiyar Baba. Amma wane mahayin kirki ne yake barin linzami a bakin doki ya kwana da shi? Kuma duk wanda ya taɓa horon shanun noma ya san cewa san da ya sha bulala da karkiya marar daidai, har wuyansa ya yi miki, yakan gudu in ya hango garma. Wanda aka bi da shi sannu, ana kiran sunansa ana ba shi dusa, shi ne yake tafiya a kan kunya ko ba a riƙe shi ba.

Mu ma muna da namu laifi

Kada mu zargi kayan birni mu manta da namu. Sau nawa muke ganin an ɗaura wa kwikwiyo wayar birkin keke ko siririyar igiyar roba a wuya, aka manta? Kare yana girma, wayar ba ta girma, har ta nutse cikin nama. Wannan ya fi sarƙa mai haƙora muni, kuma ba Bature ne ya kawo mana shi ba.

Abin da muke ba da shawara

1. A ba baduku ya ɗinka abin wuya na fata mai faɗi da laushi. In an sa, yatsu biyu su iya shiga tsakaninsa da wuya. A riƙa dubawa kowane sati in karen yana girma.

2. Karen da ya cika ja, a yi masa maɗaurin ƙirji da tsohon bel na mota, domin nauyin ya koma ƙirji da kafaɗu.

3. A soma horo tun yana wata biyu ko uku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba a kiwon kare ranar farauta. Minti biyar ko goma safe da yamma sun isa.

4. A zaɓi kalmomi kaɗan, kamar "zo", "zauna", "bari", kowa a gidan ya yi amfani da su. In ya yi daidai, a ba shi guntun ƙuli-ƙuli nan take, a yabe shi. In ya ja igiya, a tsaya cik, kada a ci gaba sai ya sassauta.

5. Karen gadi, a yi masa shinge mai inuwa da ruwan sha, a sake shi cikin gida da dare. Ɗauri dare da rana yakan sa kare ya zama mafaɗaci, har ga mutanen gida.

6. A kai shi allurar rigakafin haukan kare tun yana wata uku, a riƙa maimaitawa bisa ga umarnin malamin dabbobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo yana kashe mutane wajen 59,000 kowace shekara, kuma kusan dukansu daga kare suke ɗauka. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti ranar nan. In halin kare ya sake farat ɗaya, ba sarƙa yake bukata ba. A killace shi a kira malamin dabbobi.

'Yan'uwa, Allah ya sa dabbobi a hannunmu amana ne, ba don mu gwada musu ƙarfi ba. Ku karanta Karin Magana 12:10, za ku ga yadda mutum yake bi da dabbarsa yana cikin abin da ake gane adalcinsa da shi. Ku kuma karanta labarin Bal'amu a Littafin Ƙidaya sura 22. Sau uku ya bugi jakarsa, alhali ita ce take ceton ransa. Karen da yake kwana a waje cikin sanyin hunturu yana tsaron kajinmu da rumbunmu, bai cancanci mu sāka masa da ƙarfe a wuya ba.

Matasan ƙauyen nan sun cire sarƙar. Malamin dabbobi ya wanke raunin ya cire tsutsar, sun kuma yi wa karen shinge kusa da akurki. Wuyan ya warke cikin 'yan makonni, amma sai da aka fi wata biyu kafin ya sake yarda yaron ya shafa kansa. Muna roƙon pastoci da masu bishara da shugabannin zumuntar mata su ɗauki wannan magana zuwa taronsu. Yau da yamma kuma, kowa ya kira karensa ya sa yatsu biyu a wuyansa ya gani.

Allah ya ba mu zuciyar tausayi, ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.