Ƙaryar “firi” a hanyar Maigatari

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, kowane direba a ƙasar Gumel ya zama masanin tsimi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura dubu kafin ƙarshen 2024, don haka neman dabara ba laifi ba ne. Abin takaicin shi ne dabarar da aka fi runguma ba ta tsimin komai.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ake ganin ta ƙarara. Direban Golf ko Sharon zai taso daga Gumel, ya take totur har gudu ya kai kilomita 120 a awa, sannan ya cire giya ya bar motar tana tafiya da kanta, abin da suke kira “firi”. Gudu ya ragu, ya sake takawa. Mai ƙarfin hali ma kashe injin yake yi ɗungurungum. A ƙasar da ba tudu balle gangare!

Wannan gadon zamanin kafireta ne. A yawancin motoci masu injekta, idan direba ya ɗage ƙafa daga totur mota tana cikin giya, kwamfutarta kan yanke mai gaba ɗaya. A “firi” kuwa dole ta ci gaba da ba injin mai don kada ya mutu. Wanda ya kashe injin shi kuma ya sayar da birkinsa ne: bayan taku ɗaya ko biyu zai yi tauri, sitiyari ya yi nauyi, a hanyar da shanu, raƙuma da amalanke ke ratsawa ba sallama.

Inda mai ke ƙonewa da gaske shi ne wajen gudun. Turjiyar iska a 120 ta fi ta 90 da kusan kashi 80 cikin ɗari, ga but a buɗe an ɗaure buhuna har sama. Ribar fa? Minti biyar a tafiyar kilomita 30. Haka wanda ya sassauta iskar taya don ya ƙetare yashin ƙauyukan Sule Tankarkar ko Gagarawa, ya hau kwalta bai tsaya wurin mai faci ba, kowace kilomita yana biyan kuɗin mantuwarsa.

Direba ba shi kaɗai ba ne a wannan aika-aika. Malamin makaranta da ma'aikacin lafiya da suka biya kuɗin gidan gaba su ne masu tsaki idan mota ta tsaya a kan 80, su ne kuma masu yabon wanda ya “san hannu”. Sun karanta kimiyya a sakandare, amma bakinsu a rufe yake lokacin da aka murɗe makulli mota tana gudu. Shugabannin tasha da ke karɓar kuɗin lodi kullum, ma'aunin iskar taya guda ɗaya a bakin ƙofa ba zai gagare su ba, kuma suna da ikon hana mai kashe injin shiga layi.