Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Akwai masu cewa wai in mutum ya riƙe ƙamus ya gama fassara. Ni ban yarda ba, kuma shaidata kalma ɗaya ce tak: mil.

A ƙasar Norwe mil ɗaya kilomita 10 ne cif. Kafin 1891 ma ya fi haka, don kuwa mita 11,295 ne. Mil ɗin Ingila kuwa, wanda mu Hausawa muka ara, mita 1,609 ne kacal. To, a ce mai fassara littafin Turanci zuwa harshen Norwe ya ga mil 20, ya kwafe shi yadda yake. Tafiyar kilomita 32 ta koma 200 ke nan! Mahayin da zai isa gari da la'asar ya zama mai kwana a daji, mai karatu kuma ya ɗauki marubuci maƙaryaci. Shi ya sa ƙwararrunsu kan rubuta "engelsk mil", wato mil ɗin Ingila, ko su juya lissafin zuwa kilomita.

Wani zai ce, to a mai da kowane mil kilomita mana, a huta. Wannan ma ganganci ne. Mutanen Norwe na kiran tseren gudun kan ƙanƙara na kilomita 50, irin na Holmenkollen a Oslo, "femmila", wato mil biyar, kuma kalmar ta riga ta zama suna. In sun ce "milevis", nisa mai yawa suke nufi, ba wanda ya auna. A tatsuniya suna da "sjumilsstøvler", takalman da ke cin mil bakwai a taku guda. Wanda ya rubuta "takalman kilomita 70" lissafinsa daidai ne, amma ya kashe magana.

Mu ma haka abin yake. Wa zai je Kano ya ce a kai shi Kilomita Goma Sha Huɗu da Rabi, alhali Mil Tara yake nufi? Wane ne kuma zai auna zango da igiya?

Saboda haka kafin mai fassara ya ɗora alƙalami, sai ya tambayi kansa: mil ɗin wa? Awo ne, ko suna, ko azanci? Wanda ya ƙi wannan wahala ya bar fassara, ya koma kwafe-kwafe. In kunne ya ji, jiki ya tsira.