WANDA YA JANYE ƘARA, SHI YA BIYA ƊAWAINIYA

 Maganarmu ta yau a kan tambarin kaya ce, irin wanda ake bugawa a bakin atamfa ko a jikin kwalin sabulu.

Dokar tambari ta 1965 ta ce in an nemi rajista, za a buga a mujallar ofishin rajista, mai ƙorafi yana da wata 2 ya kawo ƙorafinsa. Wanda hukuncin Rajistara bai yi masa daɗi ba, sai ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Tarayya.

To ga inda gizo ke saƙa. Wani mai ƙarfi zai ɗaukaka ƙara, ya sa ɗan'uwansa ɗaukar lauya da zirga-zirgar kotu, kaya na jibge a sito, abokan ciniki na ɗari-ɗari da su. Ana gab da zama sai ya ce ya janye. Wa zai biya wannan asara?

Mu dai a ganinmu, kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ko a kasuwa, in ciniki ya faɗa, an biya ɗan dako, sannan mai saye ya fasa, ai ba a barin mai kaya da kuɗin dako.

Turai ma haka ta yi. Dokar tambari ta Tarayyar Turai ta 2017 ta ce wanda ya janye ƙara shi ke ɗaukar ɗawainiyar abokin shari'arsa, sai fa in sun daidaita a kan wani abu dabam. Amma an sa iyaka: kuɗin lauya ba ya wuce Yuro 550. Hikimar ita ce kada tsoron biya ya hana mutum janye ƙarar da ya ga ba ta da tushe.

A nan gida alƙali ne ke yanke adadin. Roƙonmu ya duba lokacin da aka janye: wanda ya janye da wuri a sassauta masa, wanda ya bari sai ranar zama ya biya da nauyi.

Ku kuma 'yan'uwa, ku adana kowane rasit, na lauya da na mota. In an yi sulhu, a rubuta wanda zai biya ɗawainiya tun kafin a janye, kuma lauyanku ya roƙi kuɗin a ranar, kada a bari ya huce.

Allah ya ba da kasuwa. Wassalam.